Yadda Ake Gina Uban da Ba Ya Yarda a Katun Ɗin Barkwanci na Fatalwa

A katun ɗin barkwanci da aka gina kan fatalwa, dodo ko wata halitta ta ɓoye, yara suna gani, masu kallo suna gani, mutum ɗaya ne a gidan ake faɗa masa ya ce sam babu wannan magana, shi ne Baba. Rabin dariyar shirin a wuyansa take. Idan an rubuta shi da kyau, kowane kashi yana da inda zai dafa. Idan kuwa aka mayar da shi wawa, ba a jimawa masu kallo za su gaji da shi, iyaye kuma su hana 'ya'yansu kallo. Abin da za ka riƙe tun kafin ka ɗauki biro shi ne uban nan mai hankali ne, hujjarsa mai ƙarfi ce, duniyar da ka saka shi ciki ce ba ta bin hujja.

Me yake ƙaryatawa, kuma don me?

An yi irin wannan shiri da dama a Amurka, kuma an gwada hanyoyi daban-daban. A Invader Zim, wanda tashar Nickelodeon ta fara haskawa a 2001, Farfesa Membrane masanin kimiyya ne da ke kallon sha'awar ɗansa Dib ga fatalwa da halittun wata duniya a matsayin ɓata lokaci, yana so yaron ya koma ga kimiyya ta gaske. A Gravity Falls na Disney, wanda ya gudana daga 2012 zuwa 2016 cikin kashi 40, Stan ɗan'uwan kakan yaran ne da ke riƙonsu a lokacin hutu. Ya shafe zango na farko yana cewa babu wani abin mamaki a garin, sai a kashin farko na zango na biyu ya amsa cewa ya daɗe da sani, ƙarya yake yi don ya kare su. A Scooby-Doo na asali kuwa, na 1969, mai shakka ne ke cin nasara kullum, domin a ƙarshe fatalwar mutum ce da ya rufe fuska. Ɗaya ba ya gani saboda aikinsa ya cika masa ido, ɗaya yana gani yana ɓoyewa, ɗayan kuma gaskiyarsa ce. Sai ka zaɓi naka kafin ka rubuta layi ɗaya, don kowanne da irin maganarsa.

Idan shirinka na Hausa ne, akwai gyaran da ba makawa. Mafi yawan masu kallonka sun yi imani da samuwar aljanu, akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunansu. Uban da ya buɗe baki ya ce babu aljanu ya fita daga sahun mai shakka, ya shiga maganar addini, kuma daga nan ba mai yi masa dariya. Don haka Baba ba ya musun gaibu. Abin da yake musu shi ne wannan abin da ya faru jiya da dare a kicin ɗinsa. "Aljanu gaskiya ne, amma me aljani zai yi da ragowar tuwon Ummanku? Ɓera ne." A nan ya tsaya a kan ƙasa mai ƙarfi, kuma duk mai kallo ya san uba irinsa. Saboda wannan dalili ya fi sauƙi halittarka ta fito daga tatsuniya, kamar Dodo, ko fatalwa, ko wadda ka ƙirƙira da kanka. Kada ka saka aya ko ruƙiyya cikin abin dariya. Idan kana Kano, ka tuna akwai Hukumar Tace Fina-finai ta jiha, amma tun kafin ita, iyayen yara ne za su fara tace ka.

Sannan ka ba shi dalili na zuciya. Wataƙila yana yaro wani boka ya cinye wa mahaifinsa gona da sunan magani. Wataƙila gidan nan shi ne abin da ya tara kuɗinsa shekara da shekaru ya saya, in ya yarda akwai wani abu a ciki ya yarda ke nan ya jefa iyalinsa cikin hatsari. Ba sai ka bayyana wannan a kashin farko ba, amma kai marubuci dole ka sani, saboda shi ke hana musun nasa zama taurin kai kawai.

Sana'arsa ita ce bakinsa

Mafi yawan masu farawa suna sa Baba ya riƙa cewa "ƙarya ne" ko "mafarki kuka yi". Sau biyu za a ji wannan ya ƙare. Abin da ke ɗorewa shi ne bayani, kuma bayani daga sana'a yake fitowa. Mai gyaran wutar lantarki komai a wurinsa waya ce ta saki ko wuta ba ta zo da ƙarfi ba. Makanike zai ce wani abu ne ya kwance. Ma'aikacin asibiti zai taɓa goshin yaro ya ce zazzaɓi ne. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, ka je ka zauna da mai wannan sana'a ka ji kalmomin da yake amfani da su.

Bayan haka ka tara masa bayanai na gaske, aƙalla ashirin kafin ka fara zango. Kwanon rufi yana ƙara da yamma saboda ya sha rana ya miƙe, yanzu yana hucewa yana komawa. Ƙofar katako tana kumbura da damina, ta ƙi rufuwa ko ta riƙa kuka. Idon kyanwa yana mayar da haske a duhu. Jemage da ɓera suna yawo a silin. Iska na shiga bututun ruwa idan tanki ya ƙare, famfo ya riƙa tari. Kukan mujiya da dare ya isa ya tayar da gida. Dannau, wato mutum ya farka ya kasa motsi yana jin an danne shi, abu ne da likitoci suka sani, yana faruwa idan ƙwaƙwalwa ta farka jiki bai gama fita daga barci ba. Hayaƙin janareto da aka ajiye kusa da ɗaki yana sa ciwon kai da ruɗewa, har yana kisa. Duk waɗannan gaskiya ne, shi ya sa idan Baba ya faɗe su babba mai kallo zai gyaɗa kai, yaro kuma ya koyi wani abu ba tare da an yi masa wa'azi ba.

Ka bar shi ya yi gaskiya wani lokaci. A kowane kashi huɗu ko biyar, ɗaya ya zamana da gaske ɓera ne, ko mai maganin da ya zo korar fatalwa ɗan damfara ne Baba ya kama shi. In ba haka ba, mai kallo ya san kullum yara ne da gaskiya, ba sauran jiran komai. Akwai wurare biyu da ya wajaba Baba ya yi nasara ko yaushe: idan yara ko maƙwabta suka fara zargin wata tsohuwa da maita, da kuma idan wani yana fama da farfaɗiya ko taɓin hankali aka ce iska ce. Waɗannan abubuwa suna cutar da mutane na gaske a garuruwanmu, kuma shirin yara bai kamata ya ƙara musu wuta ba. A nan maganar Baba ta "a kai shi asibiti" ita ce daidai, kuma labarin ya nuna haka ƙarara.

Dokar da ke hana shi gani

Tambayar da mai kallo zai yi tun kashi na biyu ita ce, me ya hana yaran ɗaukar hoto da waya su nuna masa? Dole ka amsa ta da doka, ka rubuta dokar a takarda, kowa a cikin masu aikin ya haddace. Misali, fatalwar ba ta fitowa a hoto, kuma wanda ya balaga ba ya ganinta sai dai abin da ta motsa. Ko kuma tana iya bayyana ga kowa amma tsoron Baba take ji, da ta ji gyaran muryarsa a zaure sai ta shige tulu. Wannan ta biyun ta fi ba da dariya, domin ta juya tsoro ta mayar da shi kan fatalwar, ta kuma ƙara wa uban kwarjini.

Abin da ke lalata shiri shi ne dogaro da sa'a kaɗai, kullum Baba ya juya baya daidai lokacin da abu ya faru. Ana iya yin haka, amma kada ya wuce sau ɗaya a kashi, kuma dalilin juyawar ya fito daga halinsa: ya sunkuya ne yana duba mita, ko ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Ka kuma buɗe littafi guda da za ka riƙa rubuta duk abin da ya gani da idonsa a kowane kashi da bayanin da ya bayar. Idan marubuta sun kai biyu ko uku, wannan littafi ne zai hana wani ya sa Baba ya ga kujera na tafiya da kanta a kashi na uku, sannan wani ya sa shi mamakin motsin labule a kashi na tara.

Tsarin kashi na minti 11

Yawancin irin waɗannan shirye-shirye suna zuwa ne a minti 11 ko 22. Ga mai ƙaramin ƙarfi, 11 ya fi. Baba ba shi ne jarumi ba, saboda haka fitowa uku ta ishe shi. Ta farko a cikin minti biyu na farko, yara sun kawo ƙara, ya ba da bayani mai ma'ana wanda kowa zai karɓa. Ta biyu a tsakiya, abu ya girma, bayaninsa ya fara tsawo, ya ɗauko kayan aiki. Ta uku kusa da ƙarshe, abu ya kai maƙura, kuma gyaran da ya yi bisa kuskuren fahimta shi ne ya warware matsalar ba tare da ya sani ba. Wannan ta ukun ita ce ke kare mutuncinsa. Dubi yadda fitowa ta biyu za ta iya kasancewa idan mai gyaran wuta ne:

Auta ta shigo da gudu. "Baba, wallahi ƙwan ɗakinmu yana kunna kansa, kuma yana kiran sunana!"

Baba bai ɗago daga rediyon da yake kwancewa ba. "Da wace murya?"

"Wata siririya, Baba."

"To, waya ce ta saki. In da kaurin murya ne, da sai mu ce tiransifoma." Ya miƙa wa Yaya hannu. "Ba ni testa. Gani ya kori ji."

Umma daga ƙofar kicin ta ce, "Malam, ruwa fa ba ya tsami banza."

"Shi ya sa zan duba, Hajiya."

Ka lura bai zagi yarinyar ba, bai ce ƙarya take ba, ya tashi zai duba. Su ma yaran ba su ɗaga masa murya ba. A gidan Bahaushe yaro ba ya ce wa ubansa "ba ka gane ba", don haka takaicinsu a fuska zai fito, da kallon da suke yi wa juna, da yadda suke komawa wajen Umma ko Kaka. Wannan ladabin riba ne ga mai zane, saboda dariyar da ba a furta ba ta fi daɗewa. Umma kuma kada ta zama kwafinsa. In shi ba ya yarda, ita ta zama mai cewa a dai yi hattara, ta hana fita da magariba, ta rufe tulu.

Zanensa

Fara da siffa ɗaya da za a gane shi ko da an cika shi da baƙi. Mai kusurwa huɗu tana nuna wanda ba ya gusawa, don haka kafaɗu masu faɗi da tsayuwa a miƙe sun dace da shi, fatalwar kuma ta zama mai lanƙwasa, marar ƙashi. Idan tsawon yara ya kai tsawon kansu sau uku, na Baba ya kai sau biyar, yadda dole sai ya sunkuyo kafin ya ga abin da suke nunawa. Yi masa takardar siffa mai ɗauke da gaba, rabin gefe, gefe da baya, da fuskoki shida zuwa takwas. Cikinsu wadda za ka fi amfani da ita ita ce gira ɗaya a sama, ido rabi a rufe. Fuskar tsoro kuwa ka zana ta ka ajiye, sau ɗaya ko biyu za ta fito a zango duka, kuma ƙarancinta ne ƙarfinta.

Babbar riga tana da kwarjini kuma tana ɓoye ƙafa, wanda ke rage aikin zana tafiya, amma naɗe hannunta da kaɗawarta suna cin lokaci ƙwarai. Ka bar ta ga ranar Juma'a da biki, kullum ya sa kaftani. Hula kayan aiki ce: ta ɗan karkace idan bayaninsa ya fara rauni, ya gyara ta idan ya samo sabon bayani. Tabarau ma haka, ana iya cika gilashin da farin haske a ɓoye idonsa a lokacin da ya ƙi kallo. An yi wa Farfesa Membrane irin wannan har abin ya kai ba a ganin idonsa ko bakinsa, tabarau da dogon wuyan riga sun rufe su. Ya dace da uban da ke nesa da 'ya'yansa. In naka mai kusanci ne da su, bar idonsa a buɗe.

Murya, baki da lokaci

Ana ɗaukar murya kafin a fara motsa zane. Wanda ya yi akasin haka zai dawo yana matse magana cikin bakin da bai dace da ita ba. Nemi mai murya natsattsiya, wanda ba ya gaggawa, ka hana shi yin wasan barkwanci da ita. Baba bai san yana ba da dariya ba, da zarar muryar ta nuna ta sani, an rasa shi. A ɗauka a ɗaki mai katifa da labule, a kashe fanka, a nisanci janareto, makirufo ya yi kamar taƙi ɗaya daga baki kuma ɗan gefe don kada iskar "f" da "b" ta buge shi. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa. A ajiye sautin a fayil irin na WAV, a saita ingancinsa a 48 kHz, kada a turo murya ta saƙon murya na WhatsApp, saboda yana matse sauti ya rage masa kyau. Kowane layi mai muhimmanci a ɗauke shi sau uku da sauri daban-daban.

Siffar baki shida zuwa tara ta wadatar: rufaffe na m, b da ɓ, buɗaɗɗe na a, shimfiɗaɗɗe na i da e, zagayayye na o, tsukakke na u da w da kw da gw, haƙora a haɗe na s da z da ts, sai bakin hutu. Jadawalin da za ka samu a intanet don Turanci aka yi su, suna da siffar haƙori kan leɓe ta f. Yawancin Hausawa da leɓe biyu suke furta f, saboda haka ka kalli bakin mai muryarka ka bi nasa. Dogon wasali ba ya buƙatar sabon zane, riƙe siffar za ka yi ta ƙara firem biyu ko uku (firem shi ne hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke haɗa bidiyo). Manhajar Rhubarb Lip Sync tana iya jera siffofin da kanta, sai dai a zaɓi tsarinta na bin sauti maimakon na gane kalmomin Turanci, sannan a bi a gyara da hannu.

Daƙiƙa ɗaya firem 24 ce, minti 11 kuwa firem 15,840. Ko da kowane zane zai zauna firem biyu, zane 7,920 ke nan. A nan Baba yake taimakon aljihunka, domin shi mai tsayuwa ne: jiki ɗaya a tsaye, baki da gira da hannu kawai ke motsi, sai a kashe ƙarfin zane kan fatalwa da yara. Krita, OpenToonz da Blender duk kyauta ne kuma suna yin wannan aiki.

Dariyarsa tana cikin shirun da ke gaban maganarsa. Abu ya faru, faranti ya tashi sama ya dawo. Riƙe fuskar Baba ba motsi firem 12 zuwa 24, ƙiftawa ɗaya ta kamar firem 5 ko 6, sannan ya yi magana. In ka gajarta, mai kallo bai samu damar sa ran zai yarda ba. In ka wuce daƙiƙa biyu, sai a ɗauka bidiyon ne ya tsaya. Idan fatalwa za ta ɓuya kafin ya waiwayo, ta gama ɓacewa firem 4 zuwa 6 kafin idonsa ya iso wurin, a bar wani abu kaɗan yana lilo, kamar murfin tulu. Duk wannan a gwada shi tun a matakin zanen jerin fitowa da aka ɗora wa murya, a nuna wa yara biyu ko uku da babba ɗaya ba tare da yi musu bayani ba. Inda suka yi shiru, a nan za ka ƙara ko ka rage firem, tun ba a kashe kuɗin launi ba.

Ranar da zai gani

Masu kallo za su fara roƙon Baba ya gani, kuma jan ran nan shi ne jarinka, kada ka kashe shi da wuri. A tsakiyar zango ka ba su kaɗan: yana shi kaɗai a tsakar gida da dare, ya ji wani abu, ya buɗe baki zai ba da bayani, ba kowa a wurin, sai ya rufe bakin ya ƙara wa ƙofar ɗakin yara sakata. Fitowa irin wannan ba ta wuce daƙiƙa 20, ba magana a ciki, kuma tana sa a ƙaunace shi.

In ka zaɓi cewa ya daɗe da sani, dole ka shuka alamu tun kashin farko, yadda wanda ya koma baya zai gan su: ɗakin da ya hana a buɗe, tambayar da yake kaucewa, gyaran da yake yi kullum daidai inda ya kamata. Ba tare da su ba, tonon asirin zai zama yaudara. In kuwa da gaske bai sani ba kuma za ka nuna masa a ƙarshen zango, ka tanadi abin da zai maye gurbin musun kafin ka rubuta wannan kashi, don daga ranar injin da ke jan shirin ya tsaya. Hanya mafi aminci ita ce halinsa ya zauna yadda yake, abin da yake musu ne ya sauya. Ya yarda akwai fatalwa, amma bai yarda ta fi ƙarfin dokar gidansa ba: ta daina kunna ƙwai bayan ƙarfe goma saboda kuɗin wuta, ta yi sallama kafin ta ratsa bango, ranar Asabar kuma da ita za a yi shara. A zango na biyu sai a kawo maƙwabci ko Kawu da ya zo daga ƙauye ya karɓi kujerar mai musu, Baba kuma ya koma cikin masu ɓoye masa.